DON: Fim ɗin da aka shirya don biyan bashi

Duk lokacin da gardama ta kaure tsakanin masu son waƙa a fim da masu cewa a rage ta, in dai akwai tsohon ɗan kallon Indiya a wurin, da wuya a tashi bai kawo misali da Don ba. Zai ce maka ai ga fim nan na Amita da aka gama shi tsaf, aka duba aka ga ba zai ci kasuwa ba, sai aka cusa masa waƙa ɗaya tak, ita ce ta ɗaga shi sama. Daga nan sai ya kalle ka ya ce, "To kai wane ne da za ka ce a daina waƙa?"

Labarin yana da tushe, ba ƙage ba ne. Amma rabinsa ake bayarwa, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi amfani ga mai shirya fim. Saboda haka a wannan wata na ga ya dace mu leƙa bayan labule, mu ga yadda aka yi Don na shekarar 1978, sannan mu koma kan fim ɗin kansa mu ga ko abin da ake faɗa ya yi daidai da abin da ke cikinsa. Wanda bai taɓa kallo ba ya yi mani afuwa, domin zan tona asirin labarin har ƙarshensa.

Asalin fim ɗin ba daga marubuci ya taso ba, ba kuma daga darakta ba. Daga bashi ya taso. Akwai wani mai ɗaukar hoto da ake ji da shi a Bambai, garin da yanzu ake kira Mumbai, sunansa Nariman Irani. Gwani ne na gaske, domin ya taɓa cin kyautar gwamnatin Indiya ta gwarzon mai ɗaukar hoto da fim ɗin Saraswatichandra na 1968. To ka san halin harkar nan, wanda ya daɗe yana riƙe wa wasu kyamara wata rana sai ya ji shi ma yana so a kira shi furodusa. Irani ya shirya nasa fim mai suna Zindagi Zindagi a 1972, da Sunil Dutt da Waheeda Rehman. Ga manyan 'yan wasa, ga kiɗan S.D. Burman, amma fim ya faɗi warwas. Aka bar bawan Allah da bashin rufi miliyan 1.2, kuɗin da mai ɗaukar hoto a wancan zamani zai iya ƙare rayuwarsa yana aiki bai biya ba.

Ana cikin haka sai aiki ya haɗa shi da wasu mutum uku a wurin ɗaukar Roti Kapada Aur Makaan, fim ɗin Manoj Kumar da ya fito a 1974. Irani ne ke riƙe da kyamara, Amitabh Bachchan da Zeenat Aman suna cikin 'yan wasa, sai wani saurayi mataimakin darakta mai suna Chandra Barot. Su ne suka ga halin da yake ciki suka ba shi shawarar da in ka ji ta sai ka ce ba masoyi ne ya bayar ba: wai ya sake shirya wani fim! Suka ce za su tsaya masa, su ba shi lokacinsu, in an ci riba ya biya bashinsa. Pran ma ya shigo cikin tafiyar. A nan ya kamata mai karatu ya tuna cewa a 1974 Amitabh bai zama Amitan da muka sani ba tukuna. Zanjeer ya fito a 1973 ya ɗaga shi, amma Deewaar da Sholay sai a 1975. An sha faɗa ma cewa kuɗin da aka biya Pran a Don ya fi na Amitabh, kuma wanda ya san matsayin Pran a lokacin ba zai yi mamaki ba.

Shi kuwa Barot ɗan Afirka ne ta wajen haihuwa. A Tanzaniya ya tashi, har ya yi aikin banki a can, kafin ya taho Bambai wurin 'yar'uwarsa Kamal Barot wadda mawaƙiyar fim ce. Ya yi shekaru yana bin Manoj Kumar a matsayin mataimaki. Don shi ne fim na farko da ya ba da umarni da kansa.

Sauran labari. Suka nufi Salim Khan da Javed Akhtar, marubutan nan biyu da ake haɗe sunansu a ce Salim-Javed, wato mahaifin Salman Khan da mahaifin Farhan Akhtar. Kamar yadda Barot ya sha ba da labari, matar Irani, Salma, ita ce mai gyaran gashin Waheeda Rehman, kuma ta wannan hanya aka samu ƙofar shiga wurin Salim. Marubutan suka ce suna da wani labari a ajiye wanda babu mai so. A faɗar Barot, Dev Anand ya ƙi shi, Prakash Mehra ya ƙi shi, Jeetendra ma haka. Ko suna ba a raɗa masa ba, sai dai a ce "labarin nan na Don". Mutumin da bashi ya yi wa katutu ba ya zaɓen tuwo, sai suka karɓa.

Sunan ma sai da ya jawo magana. Amitabh da kansa ya rubuta cewa a lokacin jama'a ba su san kalmar ba, kuma akwai wani kamfanin singileti da ya shahara mai suna Dawn, wanda a bakin Ba'indiye furucinsu ɗaya. 'Yan kasuwa suka riƙa cewa yaya za a sa wa fim sunan singileti? Mu nan ma mun samu namu rabon, domin Bahaushen da ya ga fasta an rubuta DON da manyan baƙaƙe, abin da zai fara zuwa masa shi ne, "Don me?"

Bari in tuna wa mai karatu labarin a gurguje. Don ƙasurgumin ɗan fasa-ƙwauri ne wanda 'yan sandan ƙasashe 11 ke nema ruwa a jallo. Ba shi da tausayi ko na sisin kwabo. Wani yaronsa Ramesh ya so ya bar ƙungiya ya yi aure, Don ya kashe shi. Budurwar Ramesh, Kamini, wato Helen, ta yi yunƙurin ɗaukar fansa ita ma ta rasa ranta. Ƙanwarsa Roma, wato Zeenat Aman, ta yanke gashinta, ta koyi judo da karate, ta shiga ƙungiyar don ta samu damar kashe Don. Sai ga shi tun fim bai kai rabi ba an harbi Don, ya mutu a cikin motar babban ɗan sanda D'Silva, wanda Iftekhar ya fito a matsayinsa. D'Silva ya binne gawar a asirce bai gaya wa kowa ba, ya je ya nemo wani mawaƙin titi mai suna Vijay wanda suka yi kama da Don kamar an tsaga kara, ya horar da shi, ya tura shi cikin ƙungiyar. Vijay ya yarda ne saboda yara biyu da ya tsinta yake riƙo, D'Silva ya yi alƙawarin sa su makaranta. Da aiki ya zo ƙarshe sai aka kashe D'Silva, mutum ɗaya tilo a duniya da ya san Vijay ba Don ba ne. Yanzu 'yan sanda sun ce shi ne Don, 'yan ƙungiya kuma sun gane ba shi ba ne. Gaba kura, baya siyaki.

Wannan ita ce ƙashin bayan fim ɗin, kuma ni a ganina tun daga nan aka ci rabin kasuwa. Ba wai dabarar sabuwa ba ce. A 1962 Shakti Samanta ya yi China Town, inda Shammi Kapoor ya fito a mutum biyu, ɗan ta'asa da mawaƙin da 'yan sanda suka tura ya maye gurbinsa, kuma abin dariya Helen tana cikin wancan ma. Abin da Salim-Javed suka ƙara shi ne ya bambanta su da saura. Na farko, ba su mai da Don da Vijay tagwayen da suka rabu a ƙuruciya ba, wanda shi ne abin da duk ɗan kallon Indiya zai zauna yana jira. Babu uwa makauniya, babu laya a wuya, babu waƙar da aka koya tun ana yara. Kama ce kawai irin ta Allah. Na biyu, sun kashe mai shaida. Da zarar D'Silva ya cika, fim ɗin ya tashi daga "yaushe za a kama miyagu?" ya koma "wa zai yarda da wannan talaka?" Wannan tambaya ta biyu kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa gaban hukuma ba shi da kowa ya san zafinta.

Aikin ɗaukar fim ɗin ya ci wajen shekara uku da rabi, ana yi ana tsayawa saboda rashin kuɗi. In ka kalle shi da idon basira za ka ga alamun talaucin. Ana ta ambaton ƙasashe 11, amma kyamara ba ta kai mu ko ɗaya ba. Titunan Bambai ne, da ɗakunan otal, da lungunan talakawa, da wurin masu wanki da guga, da maƙabarta. Sai dai wani hanin ga Allah baiwa ne. Da yake babu kuɗin zuwa kan duwatsu masu ƙanƙara a yi ta juyi, sai labarin ya miƙe bai tsaya shan iska ba. Kuma da yake mai kuɗin fim ɗin shi ne mai kyamara, ba za ka ga an yi wasa da hoto ba. Dubi yadda aka buɗe shi: mota ta tsaya a fili, ana cinikin miyagu, aka juya wa Don bindiga, ya jefa masu jaka ta tashi da su, sai sunaye suka fara fitowa cikin launin ja da kore, kiɗan Kalyanji-Anandji yana dukan ƙirji. Cikin 'yan mintoci ka san wane ne Don ba tare da wani ya tsaya yi maka bayani ba.

Irani bai ga fitowar fim ɗinsa ba. A ƙarshen 1977 yana aikin ɗaukar hoton Kranti, wani fim na Manoj Kumar, sai aka tafka ruwan sama, bango ya rufto masa. Ya yi jinya ya rasu kafin shekarar ta fita. Allah Sarki! Mutumin da aka taru don a fitar da shi kunya ya tafi ya bar bashin da fim ɗin duka. A nan ne za a san maci tuwo, domin miya ta ƙare. Barot da 'yan wasansa ba su watse ba, suka lallaɓa suka ƙarasa, ba su da ko kuɗin talla na kirki.

YADDA WAƘAR TA SHIGO

Yanzu mu zo kan waƙar da ake ta magana, Khaike Paan Banaraswala. Gaskiya ne ba ta cikin labarin da aka rubuta tun farko. Gaskiya ne kuma ba don wannan fim aka tsara ta ba. Kalyanji-Anandji da marubucin waƙa Anjaan sun yi ta ne don Banarasi Babu na Dev Anand, wanda ya fito a 1973, ba a yi amfani da ita ba, ta zauna a ajiye. Ka ga ke nan Dev Anand ya bar labarin ya wuce shi, ya kuma bar waƙar ta wuce shi, su biyun suka je suka haɗu a hannun wani. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

A ruwayar Barot, da ya gama haɗa fim ɗin sai ya nuna wa ubangidansa Manoj Kumar. Manoj ya kalla ya ce aiki ya yi kyau, amma kashi na biyu ya yi tsauri da yawa, gudu ne da faɗa babu numfashi, har ɗan kallo ba zai samu zarafin tashi ya zaga bayi ba, don haka a sa waƙa. Shi kuma Sameer, ɗan Anjaan, wanda shi ma ya zama babban marubucin waƙoƙin fim, yana danganta shawarar ga Javed Akhtar. Ko ma wane ne a cikinsu, abin lura shi ne dalilin. Ba cewa aka yi fim ɗin ya yi lami a sa masa gishiri ba. Cewa aka yi ya yi zafi da yawa a ba mutane ruwa su kurɓa. Waɗannan abubuwa biyu kuwa tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Shi wannan abu da ake kira "paan" goron Indiyawa ne. Ganye ne ake shafa masa farar ƙasa, a zuba 'ya'yan wani itace da kayan ƙamshi, a naɗe a jefa baki, ya rina leɓe da haƙora ja wur. Na garin Banaras shi ne ɗan gaske, kamar yadda mu ma muke da goron da in an ambata sai tsoho ya gyara zama. Sameer ya ba da labarin cewa Kishore Kumar da farko ya yi gardama da kalmar farko ta waƙar, domin ba daidaitaccen Indiyanci ba ce, karin harshen mutanen gabashin Uttar Pradesh ne, amma Anjaan, wanda shi ɗan Banaras ne, ya tsaya kai da fata a kan a bar ta yadda take. Kamar ka rubuta wa Basakkwace waƙa ne mawaƙi ya ce sai ya mai da ita Kananci. An ce kuma da Kishore ya tashi rerawa sai da ya cika bakinsa da ganyen, don muryar ta fito irin ta mai tauna. Amitabh ma ya sha nasa. Don leɓensa ya yi ja yadda ake so ya yi ta tauna ganye bayan ganye, farar ƙasar ta ƙone masa baki, ya yi kwanaki yana fama. Rawar kuwa P.L. Raj ne ya tsara, amma Amitabh ya ce wani takun gefe-gefe da ya yi a ciki daga wurin ɗansa Abhishek ya kwaikwaya, wanda a lokacin yaro ne ƙarami da ke tsalle-tsallensa in ya ji kiɗa.

Duk wannan labari ne mai daɗi a majalisa. Amma tambayar mai sharhi ita ce, me ya sa waƙar da aka yi wa wani fim, aka manna ta a ƙurarren lokaci, ta zauna daram kamar da ita aka haifi labarin?

Amsar tana cikin Vijay. Tun fitowarsa ta farko an nuna mana shi da ganyen nan a baki, yana waƙa a titi, yana magana da karin harshen ƙauyensu. Da D'Silva ya ɗauke shi, abin da aka fara raba shi da shi ke nan, domin Don ba ya tauna ganye, ba ya surutu, ba ya dariya da ƙarfi. Kusan awa guda muna kallon mutum sanye da rigar da ba tasa ba, yana magana da muryar da ba tasa ba. Sai ga shi a guje, kowa na nemansa, ya faɗa cikin mutanen yankinsu masu sana'ar madara, suka miƙo masa abin da ya daɗe yana ƙishi. Ya jefa a baki, harshensa ya kwance. A cikin waƙar nan ne yake ba da labarin irin tsaka mai wuyar da ya shiga, kuma a nan ne mu da Roma muke ganin ainihin mutumin ba tare da kwat ɗin Don ba. Duk fim ɗin a kan tambaya ɗaya yake tafiya, wane ne wannan mutum? Waƙar amsa ce. Ga shi kuma Amitabh ɗan Allahabad ne, harshen nan na gidansu ne, ba koya ya yi ba. Wanda ya ba da shawarar ya nemi hutu ne kawai, amma waɗanda suka aiwatar sun san inda za su ajiye hutun ya yi masu aiki.

Haka ma rawar Helen a farkon fim. Wani zai ce ai an sa ta ne don 'yan gaban allo su yi fito, kuma ba zan ce babu wannan ba. Amma duba abin da ke faruwa a cikinta. Kamini tana rawa ne don ta riƙe Don a ɗaki har 'yan sanda su iso, ta kuma zare harsasan bindigarsa. Da suka iso sai ya ɗora mata bindigar a ka, ya nuna mata cewa ita ta san babu harsashi, shi ma ya sani, amma 'yan sanda fa ba su sani ba. Cire waƙar nan ka gani, sai wannan fage ya rushe gaba ɗaya.

A nan ne nake rabuwa da masu kafa hujja da Don. A zamanin kaset da faifan CD, musamman bayan da waƙar Sangaya ta tashi kan jama'a, an yi lokacin da a finafinanmu na Hausa ake fara buga waƙa kafin a san labari, a yanka talla da ita, ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ya saurara ya yanke ko kwafi nawa zai ɗauka. Shi ya sa za ka ga yarinya an kashe mahaifinta a wannan fitowa, a ta gaba tana juyi a gindin bishiya da kaya kala biyar. Kasuwar kaset ta mutu, an koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, amma ɗabi'ar cusa abin da labari bai nema ba don a cika lokaci ba ta bi kaset kabari ba. Ni ba na cikin masu cewa a daina waƙa. Abin da nake cewa shi ne mai kafa hujja da Don ya amsa tambaya ɗaya: waƙar da ka sa, in aka cire ta, me ɗan kallo zai rasa sani game da jaruminka?

Wanda ke son ƙarin hujja ya kalli sabon Don na 2006, wanda Farhan Akhtar ya sake yi da Shah Rukh Khan da Priyanka Chopra, aka kai labarin Maleshiya. Akwai kuɗi, akwai jirage, akwai dogayen benaye, kuma an maimaita waƙar ganyen da muryar Udit Narayan. Amma Farhan ya juya ƙarshen labarin mahaifinsa: ashe Don bai mutu ba, shi ne ya kashe Vijay ya koma yana kwaikwayon mai kwaikwayonsa. Dabara ce mai kyau, na yarda, ta girgiza 'yan kallo, ita ce kuma ta buɗe ƙofar Don 2 a 2011. Sai dai in ka sake kallo karo na biyu za ka ga abin da ta yi wa waƙar. Mai rerawar ba Vijay ba ne, mugu ne yake wasan kwaikwayo. Abin da a 1978 ya kasance wuri ɗaya tilo da jarumi ya faɗi gaskiyarsa, a 2006 ya zama wata ƙaryar a cikin ƙarairayi. Kiɗa ɗaya, baiti kusan ɗaya, amma aikin da suke yi ya sha bamban.

Kada a ce na mai da tsohon Don tsarkakakke. Yana da nasa tabon. Jasjit, wato Pran, wanda ya fito daga kurkuku da ɗingishi yana neman 'ya'yansa, ashe su ne yaran da Vijay ke riƙo. A garin da ke da miliyoyin mutane! Marubutan da suka guje wa tagwaye a ƙofar gaba sai ga shi sun shigo da irin wannan katari ta taga. Sannan a ce gurgu ya ɗauki yara biyu ya taka igiya daga wannan bene zuwa wancan, ga gashin da aka ɗora wa Pran a ka kamar an kifa masa kwando. Faɗan ƙarshe a maƙabarta, inda ake ta jefa jan littafin sirrin ƙungiya daga hannu zuwa hannu ana alkafura, ya fi kama da wasan yara a dandali, har kiɗan ma ya koma na raha. Fim ɗin da ya fara da mutum mai kashe yaronsa ba ya ƙifta ido bai kamata ya ƙare da 'yar burum-burum ba. Shi kansa babban mugun, Vardhan, wanda ya ɓoye a rigar jami'in Interpol, Om Shivpuri ya yi iya yinsa amma ba ya ba da tsoro ko rabin yadda Don ya bayar a mintocinsa kaɗan. Fim ɗin ya kashe mugunsa mafi kyau da wuri, bai kuma samu madadinsa ba.

Abin da ya rufe waɗannan ramuka shi ne Amitabh da Zeenat. Shi ya yi mutum uku ne ba biyu ba: Don, da Vijay, da Vijay yana kwaikwayon Don, kuma kowanne ka kalli idonsa ka san wanda ke gabanka. Ita kuwa Roma ba irin jarumar da ke zaune tana jiran a cece ta ba ce. Da ƙudurin kisa ta shigo, kuma soyayyar ma ba ta samu wuri ba sai da ta tabbatar wanda take so ba shi ne ya kashe yayanta ba.

An saki fim ɗin ranar 12 ga Mayu, 1978, 'yan kwanaki bayan Trishul, wanda shi ma na Amitabh ne, rubutun Salim-Javed, ga kuma Yash Chopra da tarin manyan 'yan wasa. Ranar farko 'yan kasuwa suka yanke wa Don hukuncin faɗuwa. Kafin mako ya zagayo waƙar ta cika gari, waɗanda ta jawo suka shiga suka tarar da labari, suka fito suka gaya wa wasu. Ya ƙare a matsayi na uku cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a Indiya a shekarar, ya yi mako 50 ana nuna shi. Ribar aka ba Salma ta biya bashin mijinta. A bikin kyaututtukan Filmfare na 1979 sunan Amitabh ya fito sau uku a jerin gwarzon jarumi, da Don da Trishul da Muqaddar Ka Sikandar, kuma da Don ya ci, ya sadaukar da kyautar ga marigayi Irani. Kishore Kumar ya ci ta mawaƙi da waƙar ganye, Asha Bhosle ta ci ta mawaƙiya da waƙar rawar Helen.

Daga nan labarin da mutum uku suka ƙi ya zama gonar kowa. An sake shi da harshen Telugu a 1979 da sunan Yugandhar, da N.T. Rama Rao. An yi shi da Tamil a 1980 da sunan Billa, fim ɗin da ya ƙara kafa Rajinikanth. Har mawaƙan Amurka na Black Eyed Peas sun ɗebi kiɗan rawar Helen sun sa a wata waƙarsu a 2005. Ita kuwa Helen, a 1981 ta auri Salim Khan, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta mata mutuwa a farkon fim.

Wanda bai ci moriyar abin sosai ba shi ne darakta. Bayan Don furodusoshi sun yi wa Chandra Barot caa, aka fara ayyuka da dama, wasu suka tsaya a hanya, wasu aka gama ba su fito ba. Abin da ya kai ga 'yan kallo shi ne wani fim da harshen Bengali mai suna Aashrita a 1989, sai Pyar Bhara Dil a 1991, wanda bai yi wani tasiri ba. Ya rayu ya ga an sake fim ɗinsa da Shah Rukh Khan, 'yan jarida suna zuwa gidansa suna tambayarsa labarin Irani da na waƙar ganye, yana ba su. Manoj Kumar ya rasu a watan Afrilu na 2025, Barot ya bi shi a watan Yuli na 2025, yana da shekara 86.